Littafin Esta da Farillan Bikin Furim: Yadda Al'ada Take Yi wa Adabi Sharhi

1.0 Gabatarwa

Akwai irin rubutun da ba a yi shi don mutum ya keɓe a ɗaki ya karanta a zuci ba. An yi shi ne don a karanta da murya a gaban jama'a, a rana sananniya, tare da wasu ayyuka da ake yi kafin karatun da bayansa. Manazarcin da ya raba irin wannan rubutu da ranarsa da jama'arsa ya ɗauko ganga ne ya bar makaɗi. Littafin Esta, wanda yake cikin kashi na uku na littattafan da Yahudawa suke tsarkakewa, irin wannan rubutu ne. Ɗan gajere ne, babi 10 ne da aya 167 a asalinsa na Ibrananci, kuma yana cikin fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932, saboda haka ba baƙo ba ne ga wasu masu karatun Hausa. To amma a wurin Yahudawa littafin ba ya rabuwa da bikin Furim, wanda ake yi ran 14 ga watansu na Adar, watau wajen ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris.

A wannan rana abubuwa huɗu ne suka wajaba a kan kowane baligi, mace da namiji: sauraron karatun littafin, da aika wa ɗan'uwa abinci, da ba matalauta kyauta, da cin liyafa. Abin da wannan takarda take son nunawa shi ne, waɗannan farillai sharhi ne a kan littafin, kuma sharhin ya girmi na kowane manazarci na jami'a. Ta hanyarsu ne al'umma ta zaɓi abin da za ta maimaita a aikace daga cikin labarin, da abin da za ta saurara kawai ta wuce. Za a kuma nuna inda wannan sharhi ya yi rauni, domin raunin ya taɓa zuwa inda aka zubar da jini.

Tun da wuri ya kamata a faɗi cewa Haman na wannan littafi wazirin sarkin Farisa ne. Sunansa ya yi kama da na Hamana da aka sani a ƙissar Fir'auna, amma wannan takarda ba ta shiga wancan batu ba.

2.0 Labarin da Zubinsa

Labarin ya faru ne a Shushan, a fadar Sarki Ahasurus mai mulkin larduna 127 tun daga Indiya har ƙasar Kush. Sarki ya yi biki na kwana 180, ya ƙara da na kwana 7, da giya ta ɗebe shi sai ya aika sarauniya Bashti ta fito a ga kyanta. Ta ƙi, aka tuɓe ta. Aka tattaro 'yanmata daga ko'ina, wata marainiya Bayahudiya mai suna Esta ta zama sarauniya, ba tare da ta bayyana asalinta ba, bisa shawarar Mordekai, ɗan'uwanta da ya riƙe ta. Mordekai ya ƙi rusuna wa waziri Haman. Haman ya ga kashe mutum ɗaya bai isa huce haushi ba, sai ya jefa ƙuri'a don zaɓen ranar da za a hallaka Yahudawan daular gaba ɗaya. Ƙuri'ar ta faɗa a watan Adar, aka sa ran 13. Kalmar fur tana nufin ƙuri'a, daga jam'inta kuwa aka sami sunan bikin. Bayan azumin kwana 3 Esta ta shiga wurin sarki ba da kira ba, abin da hukuncinsa kisa ne, ta gayyace shi liyafa shi da Haman har sau biyu, a ta biyun ta tona asiri. Aka rataye Haman a kan gungumen da ya kafa don Mordekai. Da yake dokar Farisa ba ta sokuwa, sai aka rubuta wata sabuwa da ta ba Yahudawa izinin kare kansu. Suka yi yaƙi, suka ci nasara, suka huta, suka yi biki.

Jigon labarin Bahaushe ya riga ya san shi: reshe ya juye da mujiya. Abin sha'awa shi ne yadda marubucin ya gina zubin littafin a kan wannan juyi. Kusan kowane abu da ya faru a rabin farko yana da kishiyarsa a rabi na biyu. Zoben hatimin da sarki ya zare ya ba Haman a babi na 3 shi ne ya koma hannun Mordekai a babi na 8. Takardar kisa da ta kariya kusan kalmominsu ɗaya. Birnin da ya ruɗe a ƙarshen babi na 3 shi ne ya ɓarke da murna a babi na 8. Wurin juyin kuwa babi na 6 ne, daren da barci ya ƙaurace wa sarki, aka karanta masa littafin tarihin fada, ya tarar ba a saka wa Mordekai alherin da ya yi na tona makircin wasu bābanni biyu ba. Jon Levenson, a sharhinsa na 1997, ya bi wannan tsari daki-daki, ya nuna yadda sassan suke fuskantar juna tamkar mutum da madubi.

Abubuwa biyu ne suke tura labarin gaba, liyafa da wasiƙa. Kalmar Ibrananci da take nufin liyafar shan giya ta zo wajen sau 20 a cikin wannan ɗan littafi, kuma ana iya ƙirga liyafa wajen goma. Wasiƙu kuwa ba su daina fita daga fada ba tun daga babi na farko, inda aka aika wa larduna 127 da dokar cewa kowane namiji ya zama shugaba a gidansa. Wannan doka kaɗai ta isa ta nuna cewa marubucin yana zambo ne. Daula ce da ba ta iya soke takarda, sarkinta kuma bai taɓa yanke shawara da kansa ba. Haman ya sayi ran al'umma guda da azurfa talanti 10,000, sarki bai ko tambayi sunan al'ummar ba. Gungumen rataya kamu 50 ne tsayinsa, kwalliyar 'yanmata wata 12 take ci. Duk wannan kambamawa ce irin ta tatsuniya, kuma Adele Berlin ta yi gaskiya a sharhinta na 2001 da ta ɗauki littafin a matsayin labarin barkwanci da aka tsara don ranar raha.

3.0 Ƙorafin Manazarta

Ƙorafi iri uku aka fi yi a kan littafin. Na tarihi shi ne mafi sauƙi. Yawancin masana suna ganin Ahasurus shi ne sarkin da Girkawa suka kira Zerkses na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 486 zuwa 465 kafin Miladiyya. Amma Hirodotus, masanin tarihin Girkawa, ya ce sunan matarsa Amestris, bai ambaci Bashti ko Esta ba, kuma jihohin daular da ya lissafa 20 ne. In kuma aka fahimci aya ta 6 ta babi na 2 da cewa Mordekai da kansa aka kwaso daga Birnin Ƙudus a 597, to shekarunsa sun haura 120 lokacin da ya zama waziri. Wannan ƙorafi bai da nauyi sosai ga mai nazarin adabi. Ba a tuhumar mai tatsuniya da ƙarya don ya ce gizo ya yi magana.

Na biyu ya fi nauyi. Babu sunan Allah ko sau ɗaya a nassin Ibrananci, alhali an ambaci sarkin Farisa wajen sau 190. Babu addu'a, babu hadaya, azumin ma ba a ce don wa aka yi shi ba. Wannan ya dami mutane tun da can. A kogunan dutse na Kumran, kusa da Tekun Gishiri, inda aka fara tono tsofaffin rubuce-rubuce a 1947, ba a sami ko ɗan guntun Littafin Esta ba. Fassarar Girkanci kuwa, wadda aka yi kafin Miladiyya, ta ƙara sassa 6 masu aya 107, ta sa mafarki da addu'o'i a bakin Mordekai da Esta, ta cika littafin da sunan Allah.

Na uku shi ne babi na 9. A can raha ta tsaya cak. An kashe mutum 500 a fadar Shushan da 'ya'yan Haman 10, Esta ta roƙi a ƙara kwana ɗaya, aka kashe 300, a larduna kuma 75,000. Mai fassarar Girkanci ya rage wannan adadi zuwa 15,000, alamar shi ma abin ya yi masa yawa. Martin Luther ya taɓa faɗi a hirarsa da almajiransa cewa ya so a ce littafin bai wanzu ba, ko da yake ƙiyayyarsa ga Yahudawa ta sa ba a iya ɗaukarsa alƙali a wannan shari'a. Daga cikin Yahudawa ma an sami masu suka. A 1938 Schalom Ben-Chorin ya buga wata 'yar ƙasida a Birnin Ƙudus yana neman a cire littafin daga cikin tsarkaka, a kuma daina bikin. Masu kare littafin sukan ce adadin kambamawa ce kamar bikin kwana 180. Wannan amsa tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta gamsarwa, domin kambama tsayin gungume da kambama yawan gawa ba su yin nauyi ɗaya a kunnen mai sauraro.

4.0 Farillan a Matsayin Sharhi

Furim ba ya cikin bukukuwan da Attaura ta kafa. Littafin Makabiyawa na Biyu ne ya fara ambatonsa daga waje, ya kira shi ranar Mordekai. Ƙa'idojinsa kuwa an tattara su a Mishna wajen shekara ta 200 Miladiyya, a wani sashe mai suna Megilla, watau naɗaɗɗen littafi, sannan Talmud ya faɗaɗa su.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne ranar. An yi yaƙi ran 13, amma ba ran 13 ake biki ba. Ana yinsa ran 14, ranar da aka huta. Shushan ta yi yaƙi kwana biyu ta huta ran 15, don haka biranen da suke da ganuwa tun zamanin Yusha'u suke yin nasu ran 15, kuma Birnin Ƙudus haka yake yi. Ran 13 kuwa, ranar takobi, daga baya ta zama ranar azumi. Ba a kafa wata al'ada ta ɗaukar makami ko kwaikwayon yaƙi a cikin farillan ba.

4.1 Karatu

Ana karanta littafin sau biyu, da dare da kuma da safe, daga naɗaɗɗiyar fata da aka rubuta da hannu. Mishna ta ce wanda ya karanta da ka bai sauke farilla ba, haka ma wanda ya karanta ba bisa jeri ba. Wannan hukunci na biyu ya nuna fahimtar zubin labarin, domin labarin juyi ba ya aiki in mai sauraro ya ji faɗuwar Haman kafin ya ji hawansa. Dole ne a ji tsoro kafin a yi dariya.

Akwai wata muhawara a Mishna da ta cancanci a sa ta a darasin nazarin ƙagaggen labari. Tambayar ita ce, daga ina ya wajaba a fara karatu? Rabbi Meir ya ce daga farko. Rabbi Yahuda ya ce daga inda aka gabatar da Mordekai a babi na 2. Rabbi Yose ya ce daga ɗaukakar Haman a babi na 3. Talmud ya kawo ra'ayi na huɗu, na Rabbi Shimon ɗan Yohai, cewa daga daren rashin barcin sarki a babi na 6. Talmud ya bayyana cewa saɓanin yana kan ƙarfin wane ne littafin yake ba da labari, na sarki, ko na Mordekai, ko na Haman, ko na mu'ujiza. Da kalmomin manazartan yau, suna jayayya ne a kan wane ne tauraron labarin, da kuma inda ƙullin yake. Hukuncin da ya tsaya shi ne na Rabbi Meir. Ma'anar wannan ita ce ba a yarda a yar da babi na farko ba, babin maye da wautar fada, wanda ba a ambaci Bayahude ko ɗaya a cikinsa ba. Haɗarin da al'ummar take ciki bai fara da muguntar Haman ba, ya fara ne da sarkin da za a iya juya shi da ƙoƙon giya.

Yadda ake karatun ma sharhi ne. Kafin a fara, mai karatu yakan warware fatar ya ninke ta kamar wasiƙa, domin littafin ya kira kansa wasiƙa a babi na 9. Ke nan al'ummar da wasiƙar fada ta so ta hallaka ta mai da labarin tsirarta wasiƙa ta ƙarshe. A al'adar Yahudawan Turai, wasu ayoyi, kamar wadda ta ambaci kwashe mutane daga Birnin Ƙudus, ana rera su da karin Littafin Makoki, sai baƙin ciki ya kutso cikin raha na ɗan lokaci. Akwai ayoyi huɗu da jama'a suke faɗa da ƙarfi kafin mai karatu ya maimaita. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ta fito daga fagen yaƙi. Sai dai, abin lura, babu kuma wadda ta shafi Esta, uku na Mordekai ne, ɗaya ta murnar jama'a, duk da cewa ita ce ta sa ranta a faifai, kuma saboda rawar mata a labarin ne Talmud ya wajabta musu sauraro. Sunayen 'ya'yan Haman goma kuwa ana karanta su ne da numfashi ɗaya. Dalilin da Talmud ya bayar shi ne ransu ya fita tare. Ko mene ne dalilin, abin da kunne yake ji shi ne an wuce wurin da gudu.

Game da rashin sunan Allah, malaman sun bi hanyar da ta saɓa wa ta mai fassarar Girkanci. Ba su taɓa nassin ba. Sun sa addu'o'in yabo uku kafin karatu da ɗaya bayansa, sai sunan ya kewaye littafin daga waje, cikinsa kuma ya zauna yadda yake. Har sun danganta sunan Esta da kalmar Ibrananci mai nufin ɓoyewa, suka ɗauki shirun a matsayin saƙo. Wannan ya fi ƙarin Girkanci hikima ta fuskar adabi, domin addu'o'in da aka cusa sun kashe ɗar-ɗar ɗin da mai sauraro yake yi lokacin da Esta ta doshi ƙofar sarki ba ta san abin da zai faru ba.

4.2 Aike da Kyauta

Farilla ta biyu ita ce a aika wa aƙalla mutum ɗaya abinci iri biyu wanda za a iya ci nan take. Ta uku ita ce a ba aƙalla matalauta biyu kyauta. Mai karatun da ya saba da rabon naman layya da zakkar fid-da-kai ba zai ga baƙon abu a nan ba. Abin nazari shi ne yadda suka shigo littafin. A aya ta 19 ta babi na 9, inda aka faɗi abin da mutanen ƙauye suka fara yi da kansu, an ambaci murna da liyafa da aike. Ba a ambaci matalauta ba sai a aya ta 22, a wasiƙar da Mordekai ya rubuta don daidaita bikin. Watau tun a cikin littafin an fara yi wa bikin gyara.

Malamai biyu sun saɓa a kan dalilin aiken. Isra'ila Isserlein, wanda ya rayu a Ostiriya a ƙarni na 15, ya ce manufar ita ce kowa ya sami abin liyafa. Shlomo Alkabetz na garin Safad, a ƙarni na 16, ya koma cikin labarin. Sarar da Haman ya kai wa sarki ita ce akwai wata al'umma a warwatse, a rarrabe. Aiken abinci gida-gida, in ji shi, ƙaryata wannan sara ne a aikace. Saɓanin yana da sakamako. In dalilin na farko ne, wanda ya aika bai faɗi sunansa ba ya sauke nauyi, tunda ciki ya cika. In na biyu ne, bai sauke ba, domin zumunci ba ya ƙulluwa da wanda ba a sani ba. Ra'ayin Alkabetz ne ya fi kusa da aikin mai nazari, tunda ya nemo ma'anar aikin daga zaren labarin.

A kan kyautar matalauta Talmud na Birnin Ƙudus ya ce ba a bincike a wannan rana, duk wanda ya miƙo hannu a ba shi. Littafin hukunce-hukunce na Yusuf Karo, wanda aka buga a birnin Fenis a 1565, ya ƙara da cewa inda aka saba ba wanda ba Bayahude ba, a ba shi. Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, shi ne ya jera farillan bisa daraja, ya ce gara mutum ya yawaita kyautar matalauta da ya yawaita liyafarsa da aikensa. Idan aka tuna cewa littafin ya buɗe da bikin kwana 180 da aka yi don nuna dukiya, kuma sau uku babi na 9 ya nanata cewa masu nasara ba su taɓa ganima ba, za a ga wannan hukunci bai faɗo daga sama ba.

4.3 Liyafa

Liyafar da rana ake cinta, wanda ya ci da dare bai sauke ba. Nan ne aka sami hukuncin da ya fi kowane jawo magana. Wani malami mai suna Rava ya ce ya wajaba mutum ya sha har ya kasa bambance la'antar Haman da yi wa Mordekai albarka. A zahiri wannan ya ci karo da karatun da aka yi da safe, wanda gaba ɗayansa bambance mutanen biyu ne. Amma wanene a cikin labarin ba ya bambance su? Ahasurus ne, wanda ya ba wannan zobe ya ba wancan, ya zauna shan giya da Haman bayan an aika takardar kisa, sannan daga baya ya tambayi Esta da mamaki wa ya shirya wannan abu. Mai liyafar Furim, in ya bi Rava, rawar sarki yake takawa na yini ɗaya.

Talmud bai bar maganar haka ba. Nan take ya kawo labarin malamai biyu, Rabba da Rabbi Zeira, da suka yi liyafar tare suka bugu, Rabba ya tashi ya yanka abokinsa. Kashegari ya yi addu'a ya dawo da shi. Da shekara ta zagayo ya sake gayyatarsa, Rabbi Zeira ya ƙi, ya ce ba kullum mu'ujiza take aukuwa ba. Wasu malaman baya sun ce an ajiye labarin a wurin ne don a rushe hukuncin. Musa ɗan Maimun ya mai da shi sha har barci ya ɗauke mutum. Musa Isserles na ƙasar Folan, wanda ya rasu a 1572, ya ce a ɗan ƙara a kan abin da aka saba sha, a kwanta, mai barci ai ba ya bambance kowa. Irin wannan dabara ta rage kaifin hukunci ba tare da an ce an soke shi ba, ta yi kama da ta Mordekai da dokar Farisa.

Daga wannan liyafa ne ɓad-da-kama da wasan kwaikwayo suka tsiro. Tun ƙarni na 16 samari a unguwannin Yahudawan Turai suke bi gida-gida suna wasan ban dariya da harshen Yidish ana ba su ɗan abin hannu, abin da zai tuna wa mai karatu tashe. Daga nan wasan kwaikwayon Yidish na dandamali ya samo wani sashe na tushensa. Waɗannan al'adu ne, ba su cikin farillai.

5.0 Inda Sharhin Ya Yi Rauni

Akwai wata al'adar da ita ma ba farilla ba ce, amma ta fi farillan shahara. Duk lokacin da mai karatu ya ambaci Haman, sau 54 ke nan, jama'a, musamman yara, sukan buga ƙafa su kaɗa wani ɗan katako mai ƙara don su shafe sunan. Wannan ya ci karo da wajibcin jin kowace kalma, sai ya zama dole mai karatu ya dakata hayaniya ta lafa, wani lokaci ya maimaita sunan da ake son shafewa. A 1783 shugabannin majami'ar Yahudawan Sifen da Fotugal da ke Landan sun hana wannan hayaniya. Isserles kuwa tun da farko ya gargaɗi mutane kada su raina al'adar.

Tushen al'adar yana wajen littafin. An kira Haman Ba'agage, Mordekai kuma daga zuriyar Kish ta kabilar Biliyaminu. Agag shi ne sarkin Amalekawa da Sarki Saul ɗan Kish ya bari da rai a Littafin Sama'ila na Ɗaya, babi na 15. Attaura kuwa ta umarci a shafe ambaton Amalek, kuma ana karanta wannan umarni a Asabar ɗin da take gaban Furim. A nan ne labarin barkwanci na fadar Farisa ya haɗu da gabar da ba ta da ƙarshe, kuma a nan ne haɗarin yake, domin Haman na littafi ya mutu a babi na 7, amma Amalek suna ne da kowane zamani yake iya laƙaba wa wanda yake tsoro. Tun a 408 Sarki Tiyodosiyus na Biyu na Rumawa ya kafa dokar hana ƙona mutum-mutumin Haman, bisa zargin ana yi wa gicciye ba'a. A mafi yawan tarihinsu Yahudawa 'yan tsiraru ne marasa makami, hayaniyar majami'a kuma ita ce iyakar ramuwarsu a kan masu tsananta musu na gaske. Malamai da yawa sun kuma yanke cewa al'ummun dā sun cuɗanya, ba wanda za a iya nunawa a ce Ba'amaleke ne.

Duk da haka, ran 25 ga Fabrairu 1994, ranar Furim wadda ta faɗo cikin watan azumin Ramadan, Baruch Goldstein, likita daga matsugunin Kiryat Arba, ya shiga Masallacin Annabi Ibrahim a Al-Khalil ya harbe masu sallar asuba 29. Gwamnatin Isra'ila da mafi yawan malaman Yahudawa sun yi tir da shi, aka haramta ƙungiyar Kach da yake ciki, a 1999 kuma sojoji suka rushe wurin ziyarar da magoya bayansa suka gina a kabarinsa. Masanin tarihi Elliott Horowitz ya rubuta littafi a 2006 yana bin sawun alaƙar bikin da tashin hankali, ya kuma zargi wasu masana da kau da kai daga wannan ɓangare. Ba za a ɗora wa littafi mai shekara fiye da dubu biyu laifin mutum ɗaya ba. Amma manazarcin da ya ce babi na 9 raha ce kawai, bai yi lissafi da mai karatun da ba ya jin raha, yana kuma riƙe da bindiga ba.

Malaman Talmud da kansu ba su ɗauki ƙarshen labarin a matsayin cikakkiyar nasara ba. A sauran manyan bukukuwa ana rera wasu zaburori na yabo da ake kira Hallel, amma a Furim ba a rera su. An ba da dalilai uku. Wani ya ce don abin ya faru ne a wajen ƙasarsu, wani ya ce karatun littafin shi ne yabon. Rava, mai hukuncin shan giya, ya ce waɗanda suka fita Masar sun daina zama bayin Fir'auna, amma mutanen Shushan bayin Ahasurus ne kafin labarin, bayinsa ne kuma bayansa. Nassin yana goyon bayansa. Babi na 10 aya 3 ce kawai, kuma ta farkonsu ba ta ambaci Esta ko Mordekai ba, labari take bayarwa cewa sarki ya aza haraji a kan ƙasa da tsibiran teku.